Ƙullin Kalilu

Duk wanda ya yi aikin waya a Birnin Kebbi a shekarun da jihar take sabuwa ya san Kalilu. Ko bai san fuskarsa ba, ya san ɗaurinsa. In ka buɗe akwatin waya a bakin titi ka tarar da wayoyin ciki sun jeru kamar kitson sallah, an bi su da zare mai kakin zuma an ƙulle daki-daki, babu wadda ta leƙo, babu wadda ta kwanta, ba sai ka tambaya ba, hannunsa ne. In kuwa ka tarar da su a cukurkuɗe, wani ne ya bi bayansa, kuma ranar da labari ya kai kunnen Kalilu ba zai ci tuwo da daɗi ba.

Mutumin Argungu ne, ɗan masunta. Gidansu yana gangaren gulbi, inda hayaƙin bandar kifi ba ya barin rigar mutum. Tun yana ƙarami aka zaunar da shi gyaran koma, ragar kamun kifi, tare da wansa Tamba, a nan yatsunsa suka koyi ƙulli. Tamba ya zauna a ruwa, shi kuwa aka sa shi makaranta, daga can ya faɗa aikin waya a Sakkwato, yana hawa falwaya da igiya a ƙugu tun gashin kansa yana baƙi wuluk. Da aka yanke Kebbi daga Sakkwato aka turo shi gida. Ya zo da matarsa Baiwa da 'yan komatsansu a bayan a-kori-kura, suka kama haya a Badariya, daga baya ya lallaɓa ya yi ɗan gininsa a unguwar.

Waɗannan su ne shekarunsa. Sabuwar jiha, kowane ofis yana neman layin waya, wasu ma'aikatun ma a gidajen haya suke, teburi ɗaya mutum uku. Manya masu manyan riguna sukan aiko mota a ɗauki Kalilu, a tsaya a kansa ana Malam Kalilu kaza, Malam Kalilu kaza, har sai wayar ta yi ƙara a kan teburi. Shi kuwa ba ya sauri don kowa. Sai ya gama jera wayoyinsa, ya ɗauko ƙullin zarensa mai kaki daga aljihu, ya bi su yana ɗaurewa, yana jan kowane ƙulli har zaren ya nutse a yatsarsa. Inda waya za ta juya sai ya karya ta tsaf kamar kusurwar bango. Ragowar waya abin kunya ne a wurinsa. Yakan ce ma'aikacin da ya bar waya tana lilo, a gidansa ma haka tukwanensa suke.

Baiwa ce ta fi kowa shan wahalar wannan hali. Buhun gero in Kalilu ya ɗaure bakinsa, sai da wuƙa. Igiyar shanya ya ja ta har tana kuka in iska ta taɓa. Ta sha gaya wa maƙwabta cewa ranar da Malam zai ɗaure mata akuya, sai ta bi bayansa ta sassauta, in ba haka ba da safe sai dai a kira mahauci. Yana jin ta sarai. A ransa yabo ne.

Iliminsa na waya bai da yawan reshe, amma ya riƙe shi da kyau. Wayar tagulla ko ta tsinke ko ba ta tsinke ba. In ba ta tsinke ba magana za ta wuce, ko ka naɗe ta, ko ka murɗe ta, ko ka taka ta da babur. Bai cika yarda da mita ba. Sai ya fere bakin waya, ya lashi yatsa ya taɓa, in ta ɗan cije shi ya ce tana da rai. A kan wannan ya yi aikinsa duka, kuma tagulla ba ta taɓa ƙaryata shi ba.

Sai wayar salula ta shigo gari. Da farko masu kuɗi ne kaɗai suke riƙewa, suna ɗaga murya a bakin masallaci don a san suna da ita. Kafin a ankara har mai kabu-kabu yana da tasa. Motocin da suke zuwa ɗaukar Kalilu suka daina zuwa. A babban ɗakin waya na Birnin Kebbi, inda dā ƙarar na'urori ba ta barin mutum ya ji sallama, layuka suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ake sa wa ya cire su. Gwiwoyinsa suka fara yi masa tsiya. In ya sauko daga falwaya sai ya daɗe a tsaye yana riƙe da ita, kamar mai jiran wani. Ya gaji, kuma ya san ya gaji, amma gajiyar ba ta tsorata shi kamar dakalin ƙofar gidansa ba. Akwai wani tsohon ma'aikaci a layin gidansu da yake zama a dakali tun hantsi, yana gaida masu tafiya aiki, yana nan har su dawo ya sake gaida su. Kullum Kalilu ya wuce shi sai ya ƙara sauri.

Ana cikin haka magana ta fito daga sama cewa tagulla ta kusa ƙarewa. Za a binne sabuwar waya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, wayar gilashi, wadda 'yan boko suke kira faiba. Siririya ce kamar gashi, kuma ba wuta take ɗauka ba, haske ne yake bi ta cikinta da maganar mutane. Aka ce tsofaffin ma'aikata duk wanda ya iya sabon aikin za a riƙe shi, wanda bai iya ba za a sallame shi ranar da aka rufe ɗakin tagulla. Ba wanda ya faɗa wa Kalilu wannan a fuska, amma ya lura yadda hira take mutuwa in ya shigo.

Wanda aka ɗora a kan sabon aikin shi ne Injiniya Zulkifli, ɗan maƙwabcinsu a Badariya. A gaban Kalilu ya girma, Baiwa ta sha ba shi ƙanzo. Ya yi karatunsa ya dawo da gemu da natsuwa, kuma ko a ofis bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba Kalilu. Shi ne ya tsaya wa tsohon. Ya ce wa manya a ba Baba Kalilu ɗakin waya na Argungu ya shirya shi, garinsu ne, kuma babu mai tsabtar aikinsa a duk jihar. In ɗakin ya yi kyau, maganar sallama ta mutu. Kowa ya gane jarrabawa ce, har Kalilun.

Zulkifli ya zaunar da shi ya yi masa bayani da haƙuri. 'Yan kwangila ne za su binne babbar wayar, su kuma haɗa gilashi da gilashi da injinsu. Aikin Kalilu yana cikin ɗaki. Akwai rak, wato kantar ƙarfe mai tsayin mutum da ake jera na'urori a cikinta. A saman rak ɗin ake ɗaura fanel, wani akwatin ƙarfe mai jerin ramuka a fuska. Babbar waya tana shiga ta bayansa ta rarrabu, ta gaba kuma a soka 'yan wayoyi masu rawayar riga a kai su ga na'urori. Waɗannan rawayen ba a yanka su, da tsawonsu suke zuwa daga masana'anta, kai da kai a haɗe. Ya miƙa masa ɗaya ya ce:

"Baba, wagga ba ta son matsi, kuma ba ta son a lanƙwasa ta da yawa. A bar ta ta sake."

Kalilu ya karɓa, ya juya ta, ya naɗa a yatsa ya warware, ya ga ba abin da ya same ta. Ya ce, "Tau, Injiniya. Ai ni tun da nike ban taɓa tsinke waya ba."

Nan maganar ta tsaya. Zulkifli ya ɗauka an fahimce shi, Kalilu ma ya ɗauka ya fahimta. A kunnensa, abin da yaron ya ce shi ne a yi hankali kada ta karye. Shi kuma abin da yake yi da zare bai taɓa kiransa matsi ba, ɗauri ne kawai.

Fanel iri biyu 'yan kwangila suka kawo aka ajiye a sito. Zulkifli zai tafi kwas Kaduna, kuma don ya girmama tsohon a idon mutane sai ya ce zaɓin yana hannun Baba Kalilu. Da ya san abin da zai biyo baya da bai yi wannan karar ba. Kalilu ya sa aka fito da su tsakar rana ya tsuguna a kansu. Ɗaya mai zurfi ne, ana jawo shi kamar aljihun teburi, a cikinsa akwai wasu kewayayyun robobi masu faɗin faifai da ake naɗa ragowar waya a jikinsu, a gabansa kuma ga wata 'yar baranda da wayoyi za su kwanta. Ɗayan siriri ne, marar zurfi, fuskarsa a shafe, ba baranda ba komai.

Bai daɗe yana tunani ba. Mai aljihun ya ba shi haushi tun kallon farko. Ya ce wa mai sito wannan an yi shi ne don malalata, masu tura ragowar waya ciki su rufe, kamar mace mai tura wanki ƙarƙashin gado in ta ji sallamar baƙi. Siririn kuwa ba ya ɓoye komai, aikin mutum yana waje kowa yana gani, kuma zai bar wuri a rak ɗin. Mai sito ya ce shi dai ya ga 'yan kwangila sun fi ɗaukar mai aljihun. Kalilu ya ce ai shi ya sa suke 'yan kwangila. Ya ɗaure siririn a bayan babur ɗinsa ya kama hanyar Argungu.

Ɗakin Argungu ƙarami ne, ba taga, sai sanyin na'ura da ƙarar janareta daga waje. 'Yan kwangila suka zo suka haɗa gilashinsu a cikin fanel ɗin, suna gunagunin wuri ya yi musu kaɗan, suka gwada da na'urarsu suka ga haske yana wucewa, suka tafi abinsu. Aka bar Kalilu da rawayen wayoyinsa, dogaye, suna zube a ƙasa kamar taliya. Ya tsaya ya dube su, ya naɗe hannun riga.

Bai taɓa yin aiki irin na wannan ɗakin ba, kuma ya sani. Ya fito da kowace waya daga raminta ya karya ta tsaf ta bi gefen rak. Ragowar ya ninke ta kamar igiyar guga, ya ɗaure tsakiya. Ya haɗa su dami-dami ya bi da zare mai kaki, ƙulli bayan ƙulli, tazara ɗaya, yana ja har yatsarsa ta yi jini a tsohon wurin da ta saba yi. Gwiwa tana ciwo, baya yana ciwo, bai kula ba. Da ya gama ya ja da baya ya jingina da bango, sai ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba. Mai gadi ya leƙo ya ce wannan ai sai a kira mai hoto. Manya da suka zo buɗewa suka tsaya a gaban rak ɗin suna jinjina kai, wani ya dafa kafaɗarsa. Ranar Kalilu ya koma Badariya da tsire a leda, ya wuce tsohon mai dakali ya gaida shi da murya a sake.

Daɗin bai yi nisa ba. Layin Argungu ya fara wasa. Da safe ya yi aiki, da rana ya riƙa yankewa, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya sai la'asar ya dawo don kansa. Masu amfani da shi suka fara ƙorafi, ƙorafin ya hau sama, ya sauko a kan Kalilu. Shi kuma ya san abu ɗaya: in magana ba ta wucewa, waya ta tsinke a wani wuri. Ɗakinsa kuwa ya duba, ya sake dubawa, babu ko ƙwarzane. Saboda haka laifin yana hanya.

Haka ya shiga bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a kan babur, cikin zafin bazara, yana tsayawa duk inda ya ga ƙasa ta motsa. Ya zargi masu albasa da suka haƙa rijiya kusa da titi, har suka yi cacar baki. Ya zargi gafiya. Ya zargi masu gyaran kwalbati. Ya sa aka tona wurare, aka tarar da waya lafiya lau, aka mayar da ƙasa. Yakan dawo gida fuska ta ƙone, ya zauna a tabarma ya kasa cire takalmi. Baiwa ta daina tsokanarsa, ta koma dafa masa ruwan zafi tana gasa masa gwiwa. Ba ta tambaya, shi ma ba ya faɗa, amma dukansu sun san abin da yake jira in layin nan bai tsaya ba.

Wata rana da azahar ya biya gidansu na gangare don ya huta. Ya tarar da Tamba a rumfa, ya tsufa ya bushe, koma a shimfiɗe a cinyarsa yana gyara. Bayan sun gaisa an kawo fura, hannun Kalilu ya kai kan komar da kansa, ya kama wata ɓaraka ya fara ɗinkewa. Tamba yana kallonsa ta gefen ido. Da ya gama, sai wan ya jawo wurin, ya sa haƙori ya fara kwancewa, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Kai dai hannunka bai san ya isa ba," in ji Tamba. "Idon koma in bai motsi, ruwa na yaga ta. Baba ma in ka tashi, kwance naka shika yi shi sake."

"Haba Yaya. Baba da bakinai yac ce ba mai ƙulli awa ni."

"Gaskiya yah hwaɗi. Shi as sa anka kai ka makaranta."

Tamba ya yi ta dariya har da tari. Kalilu bai ga abin dariya ba. Ya ji zafin maganar, ya shanye furarsa ya tashi, yana faɗa a ransa cewa tsufa ya fara taɓa Yaya. Bai kawo komai game da ɗakin waya a ransa ba, don me ya haɗa koma da gilashi. Ya hau babur ya koma neman inda waya ta tsinke.

Zulkifli ya dawo daga Kaduna ya tarar da maganar ta yi tsami. Bai ce komai a ofis ba. Ya ɗauki Baba Kalilu a mota suka tafi Argungu su biyu. Da aka buɗe ɗakin ya ga rak ɗin, ya bi ɗaurin da kallo daga sama har ƙasa. Kalilu yana gefensa yana jiran yabo, ko a wannan halin, don ya san ko me ya lalace a hanya, nan dai ba a isa a ce komai ba. Yabon bai zo ba. Zulkifli ya ciro wani abu daga jaka mai kamar alƙalami, ya ce tocila ce mai jan haske, ana soka ta a bakin waya don a ga inda haske yake tsiyaya. Ya zare waya ɗaya daga na'ura ya haɗa, ya roƙi Baba ya tura ƙofa ya kashe fitila.

Ɗakin ya yi duhu. Sai ga ja ya bayyana a jikin rak ɗin, ɗigo-ɗigo, kamar garwashi a cikin toka. Ya fito a inda wayar ta karya kwana daga fanel, ya fito a ninkin ragowar, ya fito a ƙarƙashin ƙulli, da na bayansa, da na bayan wannan, tazara ɗaya, har ƙasa. Abin da ya fara zuwa ran Kalilu shi ne abin ya yi kyau. Daga baya ya lura jan bai zauna ko'ina ba sai inda hannunsa ya taɓa.

"Mi ka ci nan?" ya tambaya.

"Hasken na, Baba. Nan shika zubewa. Abin da ka isa Birnin Kebbi kaɗan na."

"Ta tsinke?"

"Ba ta tsinke ba."

"In ba ta tsinke ba, ina laihin ɗaurin?"

Zulkifli ya yi masa bayani a hankali, murya ƙasa, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Haske a miƙe yake son tafiya. In aka lanƙwasa gilashin da yawa, ko aka shaƙe shi, sai ya fita ta gefe, waya tana nan lafiya amma maganar ta zube. Zafin rana in ya taɓa ɗakin sai abin ya ƙaru. Ya ce laifinsa ne shi Zulkifli da bai tsaya ya nuna da hannu ba. Kalilu bai ji wannan ƙarshen ba. Yana tsaye yana tuna masu albasar da ya yi wa faɗa, da ramukan da ya sa aka tona cikin rana, da haƙoran Tamba a kan komar. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara aiki.

Aka kunna fitila. Zulkifli ya ciro reza, ya kai hannu kan ƙullin farko. Kalilu ya riƙe masa hannu.

"Ba ni. Ni na ɗaure."

Ya durƙusa a kan gwiwoyin nan masu ciwo ya fara yanka. Zaren ya nutse a rigar wayoyin har ya bar shaida, sai da dabara reza take shiga. Kowane ƙulli ya yanke sai ya faɗo ƙasa a dunƙule. Wayoyin suka saki, suka zubo, suka koma taliyar da ya tarar. Aikin da ya ci masa kwanaki bai kai la'asar ba ya zama tarihi. Da ya gama ya tattara guntayen zaren a tafin hannu, ya duba bai ga kwandon shara ba, ya zuba a aljihun kakinsa na aiki. Suka sake kashe fitila. Jan ya ragu sosai, amma yana nan a bakin fanel, inda wayoyin suke faɗowa ba abin da ya tare su, da cikinsa inda wuri ya yi wa gilashin kaɗan. Ba sai an faɗa ba, siririn da ya zaɓa ma sai ya sauka, a ɗauko mai aljihun malalata daga sito.

Zulkifli ɗan halak ne. Ya gaya wa manya cewa fanel ɗin ne bai dace da ɗakin ba, za a canza, ya tsaya a nan. Aka dawo da 'yan kwangila suka sake haɗa gilashinsu a cikin mai aljihun. Ya ce wa Baba Kalilu su yi shirin tare, in an gama aikin nasa ne, maganar riƙe shi tana nan. Ya kawo wasu maɗaurai na ƙyalle masu mannewa, ya nuna masa yadda ake zagaya ragowar waya a jikin robar nan mai faɗin faifai, a kwantar da saura a baranda, a ɗora maɗaurin sakwa-sakwa yadda yatsa zai shige ƙarƙashinsa.

Kalilu ya gane sarai, kansa ba abin da ya same shi. Ya ɗauki waya ya zagaya ta yadda aka ce, ya ɗora maɗauri. Yana cikin duba ta gaba sai ya ji Zulkifli ya ce, "Baba," a hankali. Ya duba, ashe yatsunsa sun riga sun ja maɗaurin har wuya, bai san lokacin ba. Ya sassauta, ya ce a yi haƙuri. Ya kama wata, yana faɗa wa kansa sake, sake, ya ɗora lafiya, ya juya zai ɗauko wata, hannun hagu ya koma ya ƙara ja. Haka aka yi ta yi. In ya sa ido a kan hannun sai ya bi umarni, da ya ɗauke ido sai ya koma halinsa. Kuma ko waɗanda suka zauna daidai, in ya dube su suna kwance lankwai-lankwai a baranda, sai ya ga kamar ya bar aiki rabi. A ƙarshe ya miƙe, ya mayar da hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya tsaya yana kallo har Zulkifli ya ƙarasa. Aka kashe fitila, ko ɗigon ja babu. Layin Argungu bai sake wasa ba.

A mota, sun wuce fadamun shinkafa, Zulkifli ya fara cewa da sannu za a saba, akwai wasu ɗakunan a gaba. Kalilu ya girgiza kai.

"Ɗana, ka yi mani abin da ɗa ka yi ma uba, Allah shi saka maka. Amma kak ka sa sunanka ga hannun ga. Ya tsuhwa da halinai. Ka bar ni wurin tagulla har ta ƙare."

Zulkifli ya yi ta roƙo har suka shigo gari, tsohon bai sauya magana ba. Ya koma babban ɗakin Birnin Kebbi, ya ci gaba da cire layukan da suka mutu, yana warware ɗaurin da ya yi tun jihar tana jaririya. Ba a daɗe ba aka rufe ɗakin. Aka yi ɗan taro da lemo da biskit, aka yaba masa, aka ba shi agogon bango.

Washegari ya tashi da asuba kamar kullum. Bayan ya dawo daga masallaci ya sa kakinsa, har ya ɗauko makullin babur, sannan ya tuna. Ya daɗe a tsaye a zaure. Daga baya ya fita ya zauna a dakalin ƙofar gidansa. Tsohon nan na layinsu ya hango shi daga nasa dakalin ya ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga.

Baiwa ta leƙo daga zaure ta miƙo masa koko, ta koma, ta sake dawowa da wani gwangwanin madara mai murfi ta ajiye kusa da shi. Ya buɗe. Guntayen zare ne mai kaki, kowanne da ƙullinsa a tsakiya, bakin reza a gefe da gefe.

"Cikin aljihunka na ishe su tun ran nan, da za ni wanki," ta ce daga bayan ƙyaure. "Na duba su ɗai-ɗai, Malam. Ko guda bai kwance ba."

Ya ɗauki ɗaya ya sa farce ya gwada. Ya juya shi ya sake gwadawa ta ɗaya gefen, ƙullin ko motsi bai yi ba. Ya mayar da shi cikin gwangwanin ya rufe, ya ajiye kusa da ƙafarsa. Kokon yana hucewa, babura suna wucewa da masu tafiya aiki, yana amsa gaisuwarsu.